Tambayoyin Masu Karatu: Ina Maginan Tukwane Za Su Kai Aikinsu a Gani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Garwa ce, kuma mahaifiyata tun tana budurwa take ginin tukwane, randuna da tuluna da kasake. Ni ce nake kai mata su kasuwa. Wasu baƙi da suka ga aikinta sun ce ya kamata a kai shi baje koli, har ma akwai gasar da ake ba da kyautar kuɗi. Shin gaskiya ne, kuma ta ina za mu fara?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Inna lafiya da ƙarfin hannu. Baƙin nan gaskiya suka faɗa miki, sai dai hanyar tana da matakai, kuma matakin farko yana nan kusa da ke, a ofishin magajin gari. Dokar da ta tsara sana'o'in hannu a Kamaru, wadda aka kafa a shekarar 2007, ta tanadi cewa a riƙa rubuta sunayen masu sana'a a rajistar ƙananan hukumominsu, kuma daga cikin waɗanda aka san da zamansu ne ake zaɓen masu zuwa baje kolin gunduma, daga nan zuwa na jiha, waɗanda suka yi fice kuma su wakilci jiharsu a SIARC, babban baje kolin sana'o'in hannu da ma'aikatar ƙananan masana'antu da sana'o'in hannu take shiryawa a Yawunde duk bayan shekara biyu. A ganina abin da ya fi hana maginan tukwanenmu na Arewa fitowa shi ne rashin wannan rajistar, domin dukawan Marwa da masaƙa sun daɗe da gane amfanin ƙungiya da takarda, mata masu yumɓu kuwa suna can bayan gari wajen gashi, ba wanda ya rubuta sunansu. Ki tafi da katin shaidar Inna tun farkon shekara, a rubuta sunanta ita kanta a matsayin mai aikin, ba naki ba.

Bayan iyakar ƙasa kuma akwai SIAO na Wagadugu a Burkina Faso, wanda aka fara a 1988 kuma yana cikin manyan kasuwannin sana'ar hannu a Afirka, sai SAFEM na Yamai a Nijar, wanda aka keɓe domin sana'o'in mata, inda Hausa kaɗai ta ishe ki ciniki. A irin waɗannan wurare ana biyan kuɗin rumfa, saboda haka an fi samun sauƙi idan an tafi cikin tawagar ƙasa ko ta ƙungiya.

Batun gasa mai kyautar kuɗi shi ne yake buƙatar a tsaya a kansa. Wadda ta fi suna a yanzu ita ce ta gidauniyar Loewe da ke Sifen, wadda aka ƙaddamar a 2016, kuma wanda ya zo na ɗaya yana karɓar Yuro 50,000, wato sefa miliyan 32 da dubu ɗari bakwai da 'yan kai. Ana shiga ta intanet ne da hotuna da ɗan gajeren bayani, a tace mutum 30 a nuna aikinsu, sannan a fitar da gwani. Sharuɗɗanta sun haɗa da cewa mai shiga ya kai shekara 18, aikin na hannu ne, guda ɗaya ne tak babu irinsa, kuma an yi shi cikin shekaru biyar da suka gabata. 'Yan Afirka suna kaiwa ga zagayen ƙarshe, har masassaƙin nan na Benin, Dominique Zinkpè, ya sami yabo na musamman a 2023. Akwai kuma gasar da aka keɓe wa aikin yumɓu zalla a Fa'enza ta Italiya da Mino ta Japan.

Sharaɗin nan na guda ɗaya tak shi ne ya raba tukunyar kasuwa da ta gasa. Randar da Inna take ginawa goma a mako domin sanyaya ruwa tana da darajarta, amma alƙalai suna neman wadda aka zauna aka ba ta lokaci, aka tankaɗe garin tsingaro aka cuɗa da yumɓun har ya yi laushi, aka goge jikinta da santsin dutse tun tana ɗanya, aka yi mata zanen da duk wanda ya san hannun Inna zai shaida shi daga nesa. Kada wani ya ruɗe ku da cewa sai an shafa fentin kanti ko an kwaikwayi tangaran ɗin Turai. Baƙin tabon da wuta take bari a kafaɗar tulu, da duhun da ruwan makuba yake ba shi idan an yayyafa masa yana da zafi, su ne abin da masana suke tsayawa su duba. Ladi Kwali ta Najeriya, wadda hotonta yake jikin takardar Naira 20, ta shiga makarantar tukwane ta Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, a Abuja ta dā, wato Suleja a yau, a 1954, amma tulunan da suka kai sunanta Landan da hannu ta gina su kamar yadda ta koya a ƙauye, da zanen kada da kunama da ƙadangare irin na Gwari.

Naki aikin shi ne hoto da rubutu. Ki ɗauki hoton da safe a inuwa, da farin ƙyalle ko bango marar ado a baya, ta gaba da gefe da sama, sannan ki matso ki ɗauki zanen. Ki riƙe littafi kina rubuta tsawon kowace tukunya da faɗinta da shekarar da aka yi ta da inda aka haƙo yumɓun. Wajen tafiya kuwa, hanyar mota zuwa Ngaundere ta fi jirgin ƙasan Yawunde fasa kaya, don haka kowace tukunya a naɗe ta ita kaɗai, a cika cikinta da tsumma, a sa ta a kwali cikin wani kwalin da ƙaiƙayi tsakani. Duk wanda kuma ya aiko miki da saƙo cewa kun ci kyautar da ba ku nema ba, ki fara turo kuɗi ta waya, ɗan damfara ne.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Njamena, ina sarin tukwanen matan Gawi, wani ƙauye da ke kusa da mu. Wani ya kawo mini 'yan gumakan ƙasa da ya ce an tono su a tsohon kufai, yana cewa za su fi jan hankali idan na je baje koli a waje. Ya dace in haɗa da su?

AMSA: Alhaji, kada ka taɓa su. Irin waɗannan kayan na mutanen Sao ne, waɗanda suka rayu a kudancin Tafkin Chadi kuma Kotoko suke ɗaukarsu kakanni, kuma tun shekarar 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan tarihin Afirka da ake sacewa, wanda jami'an kwastan suke amfani da shi a iyakoki da filayen jiragen sama. Wurin zamansu shi ne gidan tarihi na ƙasa a Njamena ko wanda yake tsohuwar fadar sarkin Gawi, ba rumfar ciniki ba. Hasali ma sababbin tukwanenka za a iya tsare su bisa zaton tsofaffi ne, saboda haka ka nemi takardar shaida daga hukumar da ke kula da al'adu kafin ka ɗaure kaya, ka kuma riƙe rasit da sunan kowace maginiya. Idan baje kolin yana da gasa, sunan matar da ta gina tukunyar ake shigarwa, kuma ku yi magana a gaban shaidu tun kafin tafiya a kan yadda za a raba abin da aka samu.