Akwatin wutar karaban ɗina ya daina cajin batir, in jefar da shi ne?

Tambaya daga wani mai karatu a Garwa: "Malam, na sayi karaban, wato ɗakin kwana mai tayoyi da mota ke ja, tsohuwar hannu da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Duwala, ina kwana a ciki a wurin aikinmu na hanya, nan nake cajin wayoyi da kwamfuta. Tun shigowar bazara fitilu da famfon ruwa kan ɗauke da azahar, su dawo da magariba. Makon jiya sun mutu gaba ɗaya, amma soket-soket suna da wuta in an tayar da janareta. Wani mai gyara ya ce akwatin ya ƙone, sai sabo."

Amsa: Malam, kada ka yi saurin rabuwa da akwatin nan. Wanda ya ce ya ƙone, ka tambaye shi me ya auna. In bai ɗora mita ba, hasashe ya yi.

Akwatin wutar karaban, ko na kamfanin Sargent ne ko CBE ko Schaudt, aiki biyu yake yi a jiki ɗaya. Ɓangare guda yana karɓar wutar gari ko ta janareta, bolt 220 zuwa 230, ya bi da ita ta makunnan kariya zuwa soket. Ɗaya ɓangaren caja ce da ke sauke wutar zuwa bolt 12 da ɗoriya, don fitilu da famfo da cajin batir. Tunda soket ɗinka suna aiki, ɓangaren farko lafiyarsa lau. Amma duba makunnan ɗaya bayan ɗaya, domin a yawancin akwatunan caja tana da nata makunni daban, kuma yakan faɗi ba a lura ba.

Daga nan sai mitar awon wuta. Kashe janareta da duk abin da ke cin wuta, ka bar batir ya huta awa biyu ko uku, sannan ka auna a kan kawunansa. Cikakken batir na dalma yana nuna bolt 12.6 zuwa 12.7. In ka ga 12.1, ya sauka kusan rabi. In kuwa ka ga wajen 10.5, akwai alamar ɗaya daga cikin gidajensa shida ya mutu, tunda kowane gida bolt 2.1 yake bayarwa. Irin wannan batir yana zuƙar wuta ba ya cika, yana zafi, wani lokaci yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma shi ke wahalar da caja har ta kashe kanta. Wasu cajojin zamani ma ba sa tashi sam in batir ya yi ƙasa sosai.

Yanzu tayar da janareta ka sake aunawa. Ya kamata lambar ta hau, tsakanin 13.5 da 14.4. In ba ta motsa ba, auna a bakin akwatin, inda wayoyin batir suke fita. Idan can akwai 13.8 amma ba ta isa batir, to akwatin bai da laifi, hanyar ce ta yanke. Kusa da kan batir mai alamar tarawa akwai fis, galibi mai amfiya 20, ruwan ɗorawa ne launinsa. Ja na 10 ne, shuɗi na 15, kore na 30. Cire shi ka gwada da mita, kada ka yarda da ido kawai. Karaban da ta sha gargadar hanya daga Duwala ta Ngaundare har Garwa, sakin waya ko tsatsa a gidan fis ba abin mamaki ba ne.

Ina roƙonka abu ɗaya. In fis ne ya tsinke, sa wani mai lamba iri ɗaya. Kada ka bari a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari. Batir na iya zubo ɗaruruwan amfiya cikin ƙiftawar ido, jikin karaban kuma katako ne da roba da soso, kai kana barci a ciki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne ɗaukewar azahar. Wannan aikin zafi ne. An ƙera akwatunan nan don yanayin Turai, an kuma ɓoye su ƙarƙashin kujera ko cikin kabad. Garwa a Maris da Afrilu takan wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin karaban a rana. Ƙurar hunturu ta riga ta toshe ramukan iska, wataƙila ta tsayar da ƙaramar fankar ciki. Caja ta yi zafi ta kashe kanta, ta huce ta dawo. In haka ta daɗe tana faruwa, kafasitoci, wato 'yan gwangwanayen da ke adana wuta a cikin caja, su ne ke fara gajiya, domin duk ƙarin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansu. Za ka ga kansu ya kumbura ko sun zubo ruwa. Janareta mai hawa da sauka kuma yakan kashe fis ɗin da ke kan allon lantarki na cikin caja da ɗan faifan da ke tare hauhawar wuta.

Duk waɗannan ana canza su da kuɗi kaɗan, kuma mai gyaran talabijin ko cajar kwamfuta ya san irin allon, tsarinsu ɗaya ne. Sai dai kada ka buɗe da kanka. Babban kafasita na riƙe fiye da bolt 300 ko bayan an zare filogi. Ka ce wa mai gyaran ya sa masu jure digiri 105, ya share ƙura, ya gwada fanka. Kai kuma ka buɗe wa akwatin hanyar iska, ka nemi inuwa ka ajiye karaban.

Tambaya ta biyu, daga Kusiri: "In cajar ta ƙi gyaruwa, zan iya sa batirin mota da faifan sola?"

Sola kam ƙwarai, rana ba ta yi mana rowa a nan, amma ta bi ta na'urar daidaita caji da fis, kada a haɗa faifan kai tsaye da batir. Ana iya barin akwatin yana rarraba wuta, a cire haɗin cajarsa da ta mutu. Batirin mota ne ban yarda da shi ba. An yi shi ne don bugun tayar da inji na 'yan daƙiƙu, in ana sauke shi kowane dare ba zai daɗe ba. Nemi irin na sola mai jure sauka, kuma kada ka riƙa bari ya yi ƙasa da 12.1.