Amsa ga ƙanena mai son zuwa Jamus da sana'ar horar da karnukan gadi

Salam ƙanena, na ga saƙonka da bidiyoyin da ka turo. Ka ce kana horar da karnukan gadi wa masu kuɗi a Kaduna, yanzu kana neman bizar karatu zuwa Jamus, kuma lissafinka shi ne idan ka iso ka riƙa wannan aikin a gefe tunda ka ji nan ne gidan kare ɗan Jamus ɗin nan da kowa ke so. To gaskiya zan gaya maka, abin da kake yi a gida da abin da suke yi a nan ba hanyarsu ɗaya ba, kuma idan ka zo da salon gida wallahi zai iya jefa ka a matsala da hukuma.

Abin da kake gani a YouTube ɗin nan, kare ya ruga a guje ya cafke hannun mutum, wasa ne mai doka da alƙali da maki. Da Schutzhund ake ce masa, daga 2019 sunan ya koma IGP. Dokokin daga FCI suke fitowa, wato babbar ƙungiyar masu karnuka ta duniya da ke Beljiyam, a nan Jamus kuma VDH ce uwar ƙungiyoyin masu karnuka, a ƙarƙashinta akwai SV, ƙungiyar masu kare ɗan Jamus da aka kafa tun 1899. Kashi uku ake gwadawa, bin sawu da hanci, biyayya, sai tsaro, kowanne maki 100 ne kuma sai ka samu 70 a kowane ɗaya. Kafin ma a bar karenka ya shiga sai ya ci jarabawar farko da suke kira BH yana da wata 15 aƙalla, a nan za a fita da shi bakin titi, mai keke ya wuce, mai gudun motsa jiki ya wuce, wani karen ya gitta, idan ya yi yunƙurin kai cizo shikenan ya faɗi.

Ina zuwa filin wata ƙungiya kusa da mu ranar Asabar, kuma abin da ya fi burge ni shi ne sakin, ba cizon ba. Akwai 'yan rumfuna shida a gefen fili, mutum ya ɓuya a ta ƙarshe sanye da hannun riga mai kauri na buhu, karen ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya same shi, ya tsaya gabansa yana ta haushi amma ko taɓa shi ba zai yi ba tunda mutumin bai motsa ba. Sai ya gudu ko ya kawo hari sannan karen ya kama, kuma hannun rigar kawai zai kama. Mai karen ya ce "Aus" sau ɗaya, wato ya saki, bakin ya buɗe. Idan aka faɗa har sau uku bai saki ba an kore shi daga jarabawar gaba ɗaya, komai ƙarfinsa. Bayan an gama za ka ga mutumin nan ya tuɓe rigar yana shafa kan karen.

Yanzu dubi bidiyonka na biyu, inda aka ɗaure kare da sarƙa yaro yana tsokanarsa da sanda har ya haukace. A nan wannan suna ce masa Zivilschärfe, wato koya wa kare cizon mutumin da ke cikin kayan gida, kuma a jiha kamar NRW (Nordrhein-Westfalen, a yammacin Jamus) doka tana ɗaukar irin wannan karen a matsayin mai haɗari, sai izini na musamman da takunkumin baki. Sarƙar wuya mai ƙaya an hana horo da ita tun Janairun 2022, mai jan lantarki kuwa ta riga ta haramta tuntuni. Maƙwabta Ostiriya ma a 2025 sun hana farar hula horon cizo, shi ya sa ƙungiyoyin nan suke kaffa-kaffa sosai, ba za su bar baƙo ya zo ya ɓata musu suna ba. Ni dai ina ganin suna da gaskiya, don karen da aka horar da tsoro da duka wata rana ɗan mai gidan zai kama.

Sai maganar kuɗi, nan ne na fi damuwa da lissafinka. Mutanen filin nan ba albashi ake biyansu ba, su ne ma suke biyan kuɗin ƙungiya, akwai direba akwai nas akwai ɗan fansho. Idan kana so ka horar da karen wani a biya ka, tun 2014 sai ka samu izinin ofishin likitan dabbobi a ƙarƙashin sashe na 11 na dokar kare haƙƙin dabbobi, za su gwada iliminka da Jamusanci. Bizar ɗalibi kuma kwana 140 cikakku ta yarda ka yi aiki a shekara, sana'ar kanka kuwa sai ofishin baƙi ya amince. Horar da kare ba ya cikin sana'o'in Ausbildung, wato tsarin koyon sana'a na Jamus, da gwamnati ta amince da su, wanda ya fi kusa shi ne Tierpfleger, mai kula da dabbobi, ko Fachkraft für Schutz und Sicherheit na harkar tsaro, kowanne shekara uku ne kuma ana biyanka kana koyo.

Karenka da ka ce kana so ka taho da shi, ka bar shi a gida tukuna. Sai an sa masa cip, wato ɗan ƙanƙanin na'urar shaida a ƙarƙashin fata, allurar ciwon haukan kare, gwajin jini, a jira wata uku, ga harajin kare duk shekara, ga ɗakunan ɗalibai yawanci ba sa yarda da dabba.

Ka dage da Jamusanci har matakin B1 ko B2, wato matsakaicin mataki, tukuna. Idan Allah ya kawo ka, ka nemi ƙungiyar SV mafi kusa da kai, ka je ka gaishe su ka ce kana son koyo, ka fara da shimfiɗa sawu da sassafe da kwashe rumfuna. Turo min takardunka na makaranta in duba wanne daga cikin biyun nan, Tierpfleger ko na harkar tsaro, ya fi dacewa da kai. Ka gaida su Mama.