Wane kanbas na naɗi ya dace da buga zanen da za a sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zane da fenti, kuma na sayi firinta mai faɗin inci 24 don in riƙa buga kwafin zane-zanena a kan kanbas, in ɗaura a firam in sayar. Na tarar kanbas ɗin kashi-kashi ne, akwai na auduga, na poliyesta da na gauraye, ga kuma lambobin nauyi da ban gane ba. Naɗin farko da na gwada ya tsattsage a kusurwa lokacin ɗaurawa, kuma ina ganin ɗige-ɗigen fari a cikin hoton. Wanne ya kamata in saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a zo kan auduga ko poliyesta, ka fara duba irin tawadar da firintarka take sha. Tawada ba a kan zare take zama ba, a kan wani siririn shafi take zama da kamfani ya yi wa fuskar yadin, kuma kowane shafi da tawadar da aka yi shi dominta. Firintocin masu zane irin su Epson SureColor P da Canon imagePROGRAF PRO tawadar ruwa, wato wadda aka haɗa da ruwa, suke amfani da ita, don haka sai kanbas mai shafin da yake tsotse ruwa. Manyan injunan buga allon talla irin na Roland da Mimaki galibi tawadar solben suke sha, wato wadda aka haɗa da sinadari mai narkarwa maimakon ruwa, akwai kuma HP Latex mai tata tawadar. In ka zura kanbas ɗin solben a firintar tawadar ruwa, tawadar za ta kwanta a sama ta ƙi bushewa, launuka su malala cikin juna, kuma babu saitin da zai gyara hakan. Sau da yawa kanbas ɗin solben ya fi araha, shi ya sa mutane ke faɗawa wannan tarkon. Ka karanta takardar bayanin naɗin, ka tabbata an ambaci irin tawadarka.

Tawadar ruwan ma iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda launinta yake narke cikin ruwa, akwai kuma ta figiment, mai ƙananan ƙwayoyin launi. Abin da za a karɓi kuɗin mutum a kansa ya rataye a bango shekara da shekaru, da figiment ake buga shi, domin ta rini tana saurin koɗewa da haske.

Shi kuma yadin, auduga zalla ta fi kama da kanbas ɗin da kake zane a kai. Saƙarta tana da 'yan ƙulle-ƙulle da rashin daidaito, wanda hakan yake ƙara wa kwafin zanen fenti kyau, kuma masu sayen zane mai tsada suna son jin an ce auduga ce. Aibinta shi ne tana shan danshin iska, ta saki a kan firam idan iska ta yi laima, ta ɗame idan ta bushe, kuma naɗi biyu ba sa zama iri ɗaya sak. Poliyesta zalla ba ruwanta da danshi, fuskarta sumul, ga araha, sai dai tana da kamannin roba, ta fi dacewa da hotunan ado da ake bugawa da yawa. Na gauraye, wanda galibi ake yi da kashi 65 na poliyesta da 35 na auduga, shi muke ba wa mai farawa shawara. Yana ɗauruwa ba gardama, saƙarsa iri ɗaya ce daga naɗi zuwa naɗi, don haka kwafi na ɗaya da na hamsin za su yi kama da juna. In kasuwarka ta kai ga masu tara zane, sai ka ƙara naɗin auduga don su.

Lambar nauyin da kake gani giram ne a kowace murabba'in mita. Tsakanin 340 da 400 ya wadatar. Ƙasa da 300 yadin yakan yi sirantaka har katakon firam ya riƙa nunawa ta gaba, sama da 430 kuma ninke kusurwa yakan yi wuya. Kada ka ɗauki nauyi a matsayin shaidar inganci, domin wani nauyin na shafi ne mai kauri, kuma shafi mai kauri da tauri shi ne yake karyewa. Ka duba saƙa ma: wadda aka rubuta wa 2:1, wato zare biyu suna gitta ɗaya, tana da gurzan da ake gani, ta dace da zanen fenti, 1:1 kuma ta fi laushi, ta fi fito da fuskar mutum da ƙananan layuka.

Akwai wani abu da ido yake ruɗuwa da shi, wato fari. Kanbas mai fari ƙal yawanci an sa masa sinadarin ƙara haske da ake kira OBA, wanda yake karɓar hasken UV, wani haske da ido ba ya gani, ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, sai ido ya ga fari tas. Sinadarin yana mutuwa a hankali, farin ya koma ruwan madara, launukan da ka daidaita a kansa su sauya. Gane shi ba wuya: ka haska ƙaramar tocilan ta UV a kan yadin cikin duhu, in ya yi ƙyallin shuɗi to akwai shi. In za ka ce wa mai saye zanen zai daɗe, ka ɗauki marar OBA ko mai kaɗan. Cibiyar Wilhelm Imaging Research a Amurka tana gwada daɗewar bugu, amma sakamakonta na haɗin wata tawada da wani yadi ne takamaimai, ba ya hawa kan kowane kanbas.

Tsagewar kusurwa da ka gani tana da sababi uku: shafin ya yi tauri, ko ka ɗaura ba tare da ka shafa ruwan kariya ba, ko ka ja da ƙarfi a wuri mai sanyi. Kanbas marar sheƙi na tawadar ruwa ba a gama shi ba sai an shafa masa banish, wato wannan ruwan kariyar. Ka bar bugun ya sha iska awa 24, sannan ka shafa banish na ruwa da aka yi don kanbas ɗin firinta, da rola ta soso ko da feshi, shafi biyu marasa kauri, na biyu ya gitta na farko. In ka danna rola da ƙarfi ko ka yi ta maimaita wuri ɗaya, baƙar tawada za ta biyo ta. Banish ɗin yana sa fuskar ta yi danƙo ta lanƙwasu, yana zurfafa baƙi, yana kare zanen daga yatsa da ruwa, kuma da shi za ka zaɓi sheƙin da kake so. Saboda haka naɗi ɗaya marar sheƙi ya ishe ka, ba sai ka sayi mai sheƙi daban ba. Ka tuna baƙar tawada iri biyu ce a firinta: kanbas marar sheƙi wadda aka rubuta wa MK yake so, mai sheƙi kuma PK.

Ɗigon farin kuwa ƙura ce ko ɓurɓushin zare da ya kwanta a kan yadin, tawada ta hau kansa, daga baya ya faɗi. Ka share fuskar da buroshi mai laushi kafin bugu, ka riƙa mayar da naɗin cikin ledarsa. Ka kashe wuƙar firinta ka yanka da hannu, domin kanbas yana dakusar da ita kuma yankan yana zubar da zare cikin inji. Ka ɗaga tazarar kan firinta, wato sashen da yake fesa tawada, yadda ba zai gogi yadin ba.

Faɗin naɗi yana bukatar lissafi tun kafin ka sanar da girman da kake sayarwa. Inci 24 santimita 61 ne. Idan katakon firam mai kaurin milimita 38 ne, kowane gefe yana cin kusan santimita 6.5, wato kaurin katako da abin da za a ja baya a buga wa fil. Zane mai 40 da 60 zai ci yadi 53 da 73, ya shiga. Mai 50 da 70 zai ci 63, bai shiga ba, sai dai ka koma katako mai milimita 19. Naɗi mai tsawon mita 12 zai ba ka kwafi 14 ko 15 na 40 da 60 bayan an cire asarar farko da ƙarshe, kuma da wannan adadin za ka raba kuɗin naɗin. Ka duba bututun tsakiya, inci 2 ne ko 3, ya dace da sandar firintarka. Kanbas yakan kuma fito da bugu gajere kaɗan ta tsawo, don haka ka buga layi mai santimita 100 ka auna, ka gyara girman fayil da bambancin.

Kafin ka sayi babban naɗi, nemi ɗan gwaji daga kamfani biyu ko uku, kuma ka ɗauki wanda yake da fayil ɗin launi na ICC, wato fayil ɗin da yake daidaita launukan bugu da wannan yadin, na ainihin samfurin firintarka. Ka buga hoto ɗaya a kansu duka, mai baƙi sosai da launin fata da shuɗi mai duhu. Bayan banish ya bushe, ka ninke wurin baƙin a bakin katako ka ja kamar za ka ɗaura, ka kankara da farce, ka ɗiga ruwa ka goge bayan minti ɗaya. Wanda farin layi ya bayyana a ninkinsa ka ajiye shi gefe. Wanda ya tsallake, ka rubuta lambar rukunin da ke jikin kwalinsa, in za ka buga kwafi masu ƙidaya ka sayi abin da zai ishe su duka daga wannan rukunin.