Kiwon dodon koɗi a tankin kifin ado: in zuba jari ko in dakata?

Wani ɗan'uwa mai sayar da kifin ado ya rubuto cewa dodon koɗi ya cika masa tanki ba tare da ya saya ba, kuma masu zuwa sayen kifi sukan tambaye shi ko yana da na sayarwa. Yana son ya cire rabin jarinsa ya sayi tankuna huɗu don kiwonsu.

Malam, ka mayar da kuɗin aljihu tukuna, mu fara duba abin da ke cikin tankin nan. Dodon koɗin da ya zo da kansa, galibi a manne da ciyawar ruwa yake shigowa, ƙanana masu kwanso a naɗe kamar ƙahon rago ko masu launin ƙasa. Kowane ɗayansu namiji ne kuma mace, shi ya sa biyu ke zama ɗari kafin ka ankara. To wanda ya zo maka kyauta, kyauta ya je wa maƙwabcinka ma. Da ƙyar za ka samu mai biya, in ba masu kiwon kifin da ke cin dodon koɗi ba.

Wanda masu sayen suke tambaya wani ne daban: babban nan na jinsin Pomacea, mai ruwan zinare ko shuɗi ko fari. Shi akwai namiji akwai mace, don haka ka fara da guda shida, da wuya a ce duka maza ne ko duka mata. Macen takan fito daga ruwa da dare ta manna curin ƙwai a jikin gilashi, mai launin hoda, kamar an liƙa guntun kumfa. Sai ka rage ruwan, ka bar tazarar kamar santimita 10 a sama, ka rufe tankin da murfi, don in ba ta samu wuri ba waje za ta fita nema, ka tarar da ita a ƙasa kwanso a fashe. Curin yana son laima, amma in ya faɗa ruwa ya lalace. Cikin mako biyu zuwa huɗu yake ƙyanƙyashewa, kuma curi ɗaya yakan kai ɗari ko fiye.

Nan ne lissafin yake juyewa. Ƙyanƙyasa ba ta da wuya, renon ne ke cin kuɗi. Ɗari ɗin nan suna ci ba ƙaƙƙautawa, suna ɓata ruwa, sai ka riƙa canza wani kaso duk mako da ruwan da aka cire masa kulorin. In ruwan ya yi tsami, ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 7, ko kalsiyam ya yi ƙaranci, kwanson zai fara fari-fari yana ramewa daga tsininsa. Mai saye kuwa kwanso yake kallo, mai tabo ko a rabin kuɗi ba zai ɗauka ba. Sannan ka karanta jikin duk maganin kifin da ke shagonka: wanda ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe yana iya kashe maka duk dodon koɗin da ke tankin a dare ɗaya. Sai sun yi wata biyu zuwa uku kafin su kai girman sayarwa, ga shi rayuwarsu ba ta cika wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Ba kaya ba ne da za ka ɓoye sai ya yi tsada.

Kada wani ya ruɗe ka da nerayit, wani irin dodon koɗin tanki, don ka ga yana fita da sauri a kasuwa. Zai zuba fararen ƙwai ko'ina, amma 'ya'yan ba sa rayuwa sai a ruwa mai gishiri-gishiri. Shi sari ake yi a sayar.

Ka kuma bincika dokar inda kake. Wani nau'in Pomacea da aka kai Asiya wajajen 1980 ya zama annoba a gonakin shinkafa, Tarayyar Turai ma ta hana shigo da jinsin a 2012. Kada ka zubar da rarar a rafi, kuma kada ka ɗebo iri daga kududdufi don rage kuɗi, wasu daga cikin na can su ne ke ɗauke da cutar tsargiya.

Da ni ne, tanki ɗaya zan ware, ban taɓa uwar kuɗi ba. Ka rubuta sunan duk wanda ya tambaya, ka tuntuɓi shaguna biyu ko uku ka ji guda nawa za su iya ɗauka a wata. Ka bar curi ɗaya kacal ya ƙyanƙyashe, sauran ka ɓamɓare ka sa a firiza don ƙwan su mutu. Ka riƙa rubuta kuɗin abinci, wuta da ruwa, ka raba da yawan waɗanda suka kai kasuwa da kwanso lafiyayye. In zubin farko ya ƙare kafin na biyu ya girma, lokacin sayen tanki na biyu ya yi.