Ham ɗin tsohuwar Beetle ya dushe: a saita ko a canza?

Tambaya: Na gaji Volkswagen Beetle ta 1978 daga mahaifina. Ham ɗinta ya dushe, wani lokaci ma sai dai ka ji ƙas, shi ke nan. Mai rewaya ya ce in jefar in sayi sabo, ni kuwa ina son na ainihin. Akwai sukuru a bayansa, shin da shi ake gyara murya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, kada ka jefar, amma kada ka fara da sukurun nan. Yawancin ham ɗin da ake zargi lafiyarsu ƙalau, wuta ce ba ta isa gare su.

Ciro shi daga ƙarƙashin madigadin gaba na hagu, ka haɗa shi kai tsaye da batir da wayoyi biyu masu kauri. In ya yi ƙara sosai, laifin yana cikin mota. A Beetle wuta tana zuwa ham ne ta fiyus, maɓallin sitiyari kuma shi ke mayar da ita jikin mota. Hanyar komawar nan tana bi ta sandar sitiyari, kuma akwai wata 'yar waya da ke tsallake robar da ta haɗa sandar da akwatin sitiyari. Ita ce ke yawan tsinkewa ko ta yi tsatsa. Duba ta, ka kankare bakin fiyus da kawunan wayoyi. Taka 12 bolt ce, kamar waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975; masu 6 bolt na kafin 1967 sun fi shan wahalar tsatsa, don wutarsu ba ta da rara.

In kuwa a kan batir ma ƙas ɗin yake yi, sai a shiga ciki. Akwai naɗaɗɗiyar waya da ke zama maganaɗisu, ta jawo faifan ƙarfe. Da faifan ya motsa sai ya raba wasu 'yan ƙarafa biyu da ke taɓa juna, wuta ta yanke, faifai ya koma, su sake haɗuwa. Hakan na faruwa sau 400 zuwa 500 a daƙiƙa a yawancin ham, shi ne ƙarar da kake ji. Ƙaramin sukurun baya matsin ƙarafan nan yake daidaitawa yayin da suke cinyewa. Ba ya mayar da murya siririya ko kakkaura yadda mutane ke zato. Wannan aikin faifai ne. Mai son murya biyu sai ya sayi ham biyu, ya sa musu rile, wato ɗan makunnin da ke ɗauke wa maɓalli nauyin wuta, don kada maɓallin ya ƙone.

Ga saitin. Yi alama a inda sukurun yake, in yana da noti ka sassauta shi. Juya rubu'in zagaye, ka gwada na daƙiƙa ɗaya, ka saki. Ƙas ba ƙara na nufin ƙarafan ba sa rabuwa, kuma a wannan hali wayar ciki zafi take ɗauka, saboda haka kada ka daɗe kana dannawa. Shiru gaba ɗaya na nufin ba sa haɗuwa, sai ka koma baya. Tsakanin biyun akwai ɗan wuri inda ƙara ke fita tas. In kana da mita, ham ɗaya mai 12 bolt bai kamata ya wuce amfiya 3 zuwa 5 ba. Babban notin tsakiyar faifai kuwa ka ƙyale shi, daga kamfani aka saita tazararsa.

In saiti ya ƙi, ƙarafan sun yi datti. In ham ɗin irin wanda ake kwancewa da noti ne, buɗe shi ka zura samfefa mai laushi tsakaninsu, ka kula da takardar da ke gefen faifai, don kaurinta yana cikin saitin. Wajen mayarwa ka ɗaure shi a kan ƙarfensa mai ɗan lanƙwasa, kada jikinsa ya taɓa madigadi, in ba haka ba muryar za ta sake shaƙewa.