Amsar Baffa Kan Mutuwar Durwa

'Yata, saƙonki ya iso ni, na ji abin da ya sami karyarku Durwa. Allah ya ba ku haƙuri, ya mayar muku da alheri. Kin ce yaran sun kasa cin abincin kirki, ke ma kin zubar da hawaye, har wata maƙwabciya ta ce abin kunya ne Bahaushiya Musulma ta yi wa karya kuka. Kin kuma tambaya ko al'adarmu ta yarda a yi mata sadakar uku, tunda autanki ya nace.

Hawayen nan babu kunya a cikinsu. Sabo ake yi wa kuka, kuma Durwa ta daɗe a gidanku. Duk zuwan da na yi, a bakin zaure nake tarar da ita, ta ɗora haɓa a kan ƙafafunta na gaba, kunne ɗaya a miƙe. In yara za su makarantar allo ta raka su har bakin lungu, sannan ta dawo mazauninta. Daren da aka haura muku katanga za a kwashe awaki, haushinta ne ya ta da unguwa. Ladanta kuwa ƙanzo ne da sauran tuwon jiya. Wanda ya ga wannan duka, ta mutu bai ji komai ba, shi ne abin a tausaya wa.

Maƙwabciyarki tana ganin kare ƙazanta ne, kuma mutane da yawa haka suka taso suna ji. Amma mu Malikiyya muke bi, a wurinmu kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki, umarnin Manzon Allah ne (SAW) da muke bi don ibada. Imamu Malik da kansa ya yi mamakin yadda za a ci abin da kare ya farauto sannan a ƙyamaci yawunsa, ga shi aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo. Hadisi ya yarda a ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai suka haɗa da gadin gida in akwai buƙata. Ibnu Abi Zaid, mai Risalar da ake karantawa a zaurukanmu, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta rushe.

Autan kuwa, kada kowa ya yi masa tsawa. Ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu, Annabi (SAW) ya gan shi cikin damuwa, ya kira shi da alkunyarsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Ke ma zauna da yaron, ki bar shi ya ba ki labarin Durwa har ya gaji.

Sadakar uku dai a'a. Wanka da likkafani da salla da maƙabarta da zaman makoki haƙƙin ɗan Adam ne, kuma ko a kan mutum ɗin malamai sun yi saɓani game da uku da bakwai da arba'in. Mamaci ake nema wa gafara, dabba kuwa ba ta da zunubin da za a yafe mata. Abin da ba na so a ɗabi'armu shi ne a ɗaura wa mushen kare igiya a ja shi zuwa juji a bar wa angulu. Mafarautan garinmu, lokacin muna samari, ba sa yi wa karensu haka. Rami suke haƙa masa a gindin itace, kuma duk rani in an buga gangar farauta sai an tuna zomayen da ya kamo. Kun kyauta da kuka binne ta a filin da ke bayan gidanku.

In autan yana son ya yi wani abu, kada a jefar da kaskon ruwanta. A fitar da shi ƙofar gida, ya zama aikinsa ne ya cika shi kowace safiya don dabbobin da ke wucewa su sha, musamman watan bazara. Hadisin mutumin da ya ɗebo ruwa a rijiya da huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa, yana cikin Bukhari da Muslim. Ladan na yaron ne.

Ba ki faɗa mini ciwon da ya kashe ta ba. In ta yi dalalar yawu, ko ta ciji wani ko ta yakushe shi kafin ta mutu, a tafi asibiti yau ɗin nan, haukan kare ba a jira da shi. Zancen sabon kwikwiyo kuma ku ɗan dakata sai yaran sun nema da bakinsu, in ya zo a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafi. Ki gaida maigidan da yaran.