Ƙanwata, kar ki canja fugar nan

Assalamu alaikum. Tun da safe na ga tambayarki a dandalin nan na wuce, na ce bari waɗanda suka fi ni sani su amsa, amma abin ya ƙi barin zuciyata. Kin ce makarantu biyu sun ga bidiyonki sun kira ki gwajin shiga digiri na biyu a fiyano, saura sati bakwai, malaminki kuma ya ce ki ajiye fugar Bach (fuga kiɗa ne mai muryoyi da yawa da ke shigowa ɗaya bayan ɗaya suna bin jigo, Bach kuma mawallafin kiɗa ne Bajamushe) da kika shekara kina bugawa ki ɗauki wadda ta fi ta nauyi don ki burge alƙalai, ke kuwa tsoron mantuwa ya hana ki barci. Wallahi da na kai ƙarshe sai da na kife wayar, don kamar labarina aka ɗauko aka sa miki.

Kar ki canja. Na faɗa tun yanzu kafin surutuna ya binne maganar.

Ni tawa ta biyu ce a littafi na farko cikin littattafan Bach guda biyu masu fugogi 48, mai muryoyi uku, gaɓa 31 kacal (gaɓa ita ce ɗan yankin da ake auna tsawon kiɗa da shi). Na san ta kamar yunwar cikina, ko daga barci aka tashe ni zan buga ta. Saura wata biyu gwaji malamina ya saurare ni, ya yi shiru, ya ce, "Wannan ai ta yara ce, kowane ɗan sakandare da ita yake zuwa. In kina son su ɗago kai su dube ki, ɗauki ta huɗu." Kun san ta huɗun nan, muryoyi biyar, gaɓa 115, jigo uku suna saƙa da juna, yatsa ɗaya na riƙe da wata murya sauran na tafiya da wata. Na ce malam lokaci ya ƙure. Ya ce shi a kwana ashirin ya haddace ta yana ƙuruciya. To me zan ce? Mutumin da na yi shekara huɗu a hannunsa, wanda wasiƙar shaidata ma tana wurinsa bai tura ba. Na ce to.

Na haddace ta kuwa, ko in ce yatsuna sun haddace ta. A ɗaki ni kaɗai tana tafiya sumul daga farko har ƙarshe, har na fara jin kaina. Abin da ban gane ba sai daga baya shi ne in aka tsayar da ni a tsakiya aka ce ɗora daga nan, ba zan iya ba, sai na koma farko. Haddar yatsu ke nan. Tana nan muddin zuciya na kwance, da zarar ta fara dukan uku-uku sai ta gudu ta bar ki.

Ranar gwajin minti goma aka ba ni a ɗakin ɗumama hannu, a kan wani ƙaramin fiyano mai laushin maɓallai, sannan aka shigar da ni wurin babban, wanda na taɓa na ji kamar an sa masa dutse a ƙasa. Su biyar ne a dogon teburi. Suka ce in fara da abin da nake so, na fara da kiɗan Chopin, ya tafi lafiya, har na ga wata dattijuwa a cikinsu ta ajiye biro ta jingina. Sai na tsakiya ya ce a ji Bach. Share fagen da ake bugawa kafin fugar ya wuce. Fugar ta fara a hankali yadda take, murya na shigowa bayan murya, har na zo inda jigo na uku yake shiga. Hannun hagu ya tsaya. Haka kawai, kamar an goge allo. Hannun dama ya ci gaba shi kaɗai gaɓa ɗaya ko biyu yana lalube, shi ma ya tsaya. Har yau ina jin ƙarar na'urar ɗumama ɗakin a cikin shirun nan, da wani da ke danna kan bironsa ƙyat, ƙyat. Na ga gumin yatsana a kan farin maɓalli. Na koma baya kaɗan, na zo wurin, na sake faɗuwa. Na koma farkon fugar gaba ɗaya, ina bugawa ina hango ramin yana matsowa, na iso bakinsa na faɗa a karo na uku. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na tsakiyan ya ce sun gode, in ba su farkon sonatar Beethoven. Na buga, amma ba ni ce a wurin ba, ban san me ya fito ba. Na fita na shiga banɗaki na kulle, na zauna da rigar gwajin a jikina har mai shara ta zo ta ƙwanƙwasa.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma ba wannan ba ne. Da na dawo na gaya wa malam, ko ɗago kai bai yi daga takardun gabansa ba, ya ce, "Dama na lura ba ki da juriyar dandali." Shi ke nan. Ba ya ce ni na sa ki, ba ya ce sannu. Ya wanke hannunsa tas, ya bar ni da tabon. Kuma mutumin nan wasiƙar da na roƙe shi tun watan Satumba sai da makaranta ɗaya ta rufe karɓa kafin ya tura, na yi asarar kuɗin fom da na biya, da na yi magana ya ce ayyuka sun yi masa yawa. Daga baya na ji ɗaliba ta uku ce ni da ya yi wa wannan canjin na ƙurarren lokaci. Shi burinsa a ga sunansa kusa da manyan kaɗe-kaɗe a jerin ɗalibansa, wadda ta tsallake ya ce shi ne, wadda ta karye ya ce ba ta da juriya. Shekaru sun wuce, na ce na yafe, amma kin ga yadda nake rubutu, kin san da saura. Ban ce naki haka yake ba, watakila da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma ba shi zai zauna a kujerar ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki duba ma dokar makarantun tukuna, don da yawa suna karɓar jerin abin da za ki buga tun kafin ranar, canji kuma sai da izininsu. Wannan kaɗai ya ishe ki hujja a gaban malam ba tare da kun ɓata ba. Ki ce masa kin riga kin tura jeri. Kina buƙatarsa har a gama, kar ki yi fito-na-fito da shi, ki tabbatar dai wasiƙunki sun shiga, ki buɗe shafin kowace makaranta ki gani da idonki, kar ki yarda da "na tura".

Da na sake nema bayan shekara ɗaya, da 'yar fugata ta yaran na koma. Malamar da ta ɗauke ni daga baya ta ce abin da ya ja hankalinta shi ne tana jin muryoyin ukun kowace da numfashinta. Mutanen nan sun wuni suna jin masu gudu da ƙarfi, kuma duk fugogi 48 ɗin nan sun san su ciki da bai, sun koyar da su sau ba adadi. Ba za ki ba su mamaki da zaɓi ba. So suke su ji ko kina sauraron kanki, ko kuma za su iya zama da ke shekara biyu a ɗaki ɗaya.

Maganar mantuwa kuwa, tsohuwar fugarki ma tana iya zame miki in haddar yatsu ce kawai, don haka sati bakwan nan a kanta za ki kashe su. Ni abin da ya cece ni shi ne tashoshi. Na ɗauki fensir na sa lamba duk bayan gaɓa huɗu ko biyar, na rubuta lambobin a 'yan takardu na zuba a kofi, in zaro ɗaya in fara daga nan ba tare da na duba ba. In kin faɗi a gwaji, gaba za ki tsallaka zuwa tasha ta gaba, kar ki kuskura ki koma baya, komawa bayan ce ta kashe ni, hanya ɗaya ce za ta sake kai ki rami ɗaya. Ki buga hannun hagu shi kaɗai da ka, shi ne maci amana. Ki rera murya ɗaya ki buga sauran. Ki buga ta a hankali ƙwarai har yatsu su kasa tafiya da kansu, nan za ki ga inda kanki bai sani ba. Sannan ki hau bene da gudu ki sauko, ki zauna ki buga zuciyarki na bugawa, don haka za ta yi ranar. Ki tara mutane ko uku ne, ko ba su san kiɗa ba, su zauna su zuba miki ido, ki ce su katse ki inda suka ga dama su ce wuce na gaba. Af, wannan ma: za su tsayar da ke. Minti goma sha biyar ko ashirin ne, ba za su ji sonata duka ba. Ba alamar kin faɗi ba ce, agogo ne. Na san wadda ta fito tana kuka don an katse ta sau uku, ita aka ɗauka.

Na ga wani a cikin amsoshin da ke sama ya ce ki sha maganin propranolol. Gaskiya ne makaɗa da yawa suna sha, yana rage bugun zuciya da rawar hannu, amma ba ya dawo da hadda, kuma yana da haɗari ga mai asma. Sai da likita, kuma kar ranar gwaji ta zama ranar farko da kika gwada shi. Haka takalmi. Sabon takalmi na sa a karon farko, yana ta zamewa a kan feda.

Ba ki tambaya ba amma zan faɗa, tunda ni ba wanda ya gaya mini. Ki rubuta wa malamin da kike so a kowace makaranta ki nemi darasin gwaji kafin ranar ko bayanta, wasu kyauta suke yi wasu sai an biya, ki tambaya tun farko don kar a ji kunya. A darasin ki lura da yadda yake yi in kin yi kuskure, ki nemi ɗalibansa ki tambaye su a gefe. Sunan makaranta ba ya koyar da kowa, mutum ɗaya ne zai riƙe ki sati-sati, ni kuwa na ga abin da mutum ɗaya zai iya yi. Kuma in sakamako ya fito kar murna ta sa ki amsa a ranar. A Amurka yawanci kina da har 15 ga Afrilu kafin ki amsa tayin tallafi, kuma ana rubuta musu a ce kuɗin bai isa ba a sake dubawa, ba rashin kunya ba ne. In kuma bana ba ta yi ba, Allah ya kiyaye, ki faɗaɗa nema. Makarantar kiɗa ta Yale ba ta karɓar kuɗin karatu daga ɗalibanta tun 2006, sai dai shigarta wuya. Yawancin na gwamnati a Jamus ma haka, ban da wasu kamar na jihar Baden-Württemberg da ke karɓar Yuro 1,500 duk zango daga 'yan wajen Tarayyar Turai, ga kuma harshe da za ki koya. Na Ingila tun farkon Oktoba suke rufe karɓar takardun nema, ba 1 ga Disamba ba kamar yawancin na Amurka, nan ma na taɓa makara.

Na yi nisa, ki yi haƙuri. Ba ki faɗi wace fuga ce taki ba, da wadda yake so ki koma. Ki gaya mini, in kuma ba za ki ji nauyi ba ki ɗauki bidiyo yau ɗin nan, bugu ɗaya ba gyara, ko da kuskure a ciki, ki turo mini ta akwatin sirri in saurara da daddare.